Kafin ka zauna gaban mai kwamfuta: yadda nake sa ɗalibaina su zaɓi kwas na jami'a

Shekara 19 ke nan ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandaren gwamnati a cikin birnin Kano. Ba mu da malamin ba da shawara na musamman, don haka duk lokacin da JAMB, hukumar shirya jarrabawar shiga manyan makarantu, ta buɗe sayar da fom, teburina a ɗakin malamai yakan koma kamar teburin mai shayi da safe. Wannan ya zo da tambaya, wancan ya zo da mahaifiyarsa, wani kuma sai ya gama rajista tukuna ya zo ya miƙo min takardar, bayan aikin gama ya gama.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yadda ake zaɓen. Yaro ya kama layi a cibiyar rajista tun asuba, rana ta take, yunwa ta ci shi. Da ƙyar ya iso gaban mai kwamfuta, shi kuma ga mutane cunkus suna jiransa, sai ya ce, "Wane kwas?" Yaro ya waiwayi abokinsa, aboki ya ce "Sa likitanci," a sa. Abin da zai ci shekara huɗu ko shida na rayuwarsa an yanke shi cikin minti biyu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da zan faɗa a nan shi ne aikin da nake sa ɗalibaina su yi a gida, da biro da fallen takarda, makonni kafin wannan ranar. Zan riƙa cewa "kai", amma 'yata, ke ma da ke nake.

Fara da takardar da ke hannunka

Kada ka fara da sunan kwas. Ɗauki takarda ka jera darussan da ka zauna, ko za ka zauna, a WAEC ko NECO. Gaban kowanne ka rubuta sakamakonsa. In bai fito ba tukuna, rubuta abin da ka saba samu a jarrabawar makaranta, ba abin da kake roƙon Allah ya ba ka ba. Kiredit yana farawa daga A1 ya tsaya a C6. D7 da E8 ci ne, amma ba sa shiga lissafin kiredit. Jami'a tana neman biyar, kuma ba kowane biyar ba, biyar ɗin da kwas ɗin ya ambata da suna. Turanci yana cikin kowanne. Lissafi dole ne ga duk mai son kimiyya ko fannin zamantakewa, kuma ko kai ɗan ajin adabi ne ban yarda ka sake shi ba, don shi ne ƙofar da za ka iya buƙata in ta farko ta rufe.

Ni kaina a nan na sha kaye. Lauya na so zama. Na fito da kiredit bakwai, ina yawo da takarda a aljihu ina hura hanci. Babu wanda ya gaya min cewa karatun shari'a a yawancin jami'o'i yana neman kiredit a adabin Turanci, wanda yara ke kira Litirecha, mu kuwa makarantarmu ba ta da malaminsa, ko zama jarrabawarsa ba mu yi ba. Shekara biyu ina cika fom ina jira, ina zargin rashin uwa a gindin murhu. Sai wata rana ƙanen mahaifina ya buɗe littafin JAMB, wancan mai kauri na da, ya ɗora yatsa a kan layi guda ya ce in karanta da ƙarfi. Layin yana nan tun shekarar farko. Ni ne ban duba ba.

Duba kuma ko sakamakon naka na zama ɗaya ne ko na biyu. Kwasa-kwasai da yawa suna karɓar haɗin WAEC da NECO, amma likitanci da wasu 'yan uwansa a jami'o'i da dama zama ɗaya suke so.

Iyaye masu yara a aji uku na ƙaramar sakandare, wannan taku ce: zaɓen kwas na jami'a a aji ɗaya na babbar sakandare yake farawa. Ɗan ajin kimiyya da ya riƙe darasin tattalin arziki ko labarin ƙasa yana iya tsallakawa zuwa fannin zamantakewa daga baya. Wanda bai taɓa yin Fizis da Kemistiri ba kuwa, ba shi da hanyar komawa injiniyanci sai ya sake zama jarrabawa. Wannan ba dalili ba ne na tura kowane yaro ajin kimiyya da ƙarfin tsiya. Na ga yaran da aka tura can suka fito da F9 a jere, alhali da an bar su a ajin adabi da sun yi zarra.

Darussa huɗu na JAMB, da ƙofofin da suke buɗewa

Jarrabawar UTME, wato jarrabawar shiga jami'a da JAMB ke shiryawa, darasi huɗu ce, jimillar maki 400. Turanci dole ne, sauran ukun kwas ɗin ne yake zaɓa maka su. Likitanci, haɗa magunguna, aikin jinya, gwaje-gwajen asibiti da likitancin dabbobi duk Fizis, Kemistiri da Bayoloji suke nema. Injiniyanci kuma Lissafi, Fizis da Kemistiri. Kimiyyar kwamfuta, Lissafi da Fizis da wani guda. Tattalin arziki da akanta, Lissafi da darasin tattalin arziki da wani guda daga fannin zamantakewa. Shari'a galibi adabin Turanci da wasu biyu irin su Gwamnati, Tarihi ko ilimin addini, sai dai jami'o'in da ke koyar da shari'ar Musulunci suna da nasu sharaɗi game da Larabci da addinin Musulunci.

Tarkon yana nan: bayan ka zauna jarrabawa kana iya canza kwas, kana iya canza jami'a, amma darussan nan huɗu ba sa canzuwa. Ɗan kimiyya yana tsaye a mararraba. In ya ɗauki Bayoloji a matsayin na huɗu, ya buɗe ƙofar asibiti da kimiyyar halittu, ya rufe ta injiniyanci da kwamfuta. In ya ɗauki Lissafi, akasin haka. Wani ɗalibina, gwanin lissafi na gaske, gida suka matsa masa ya cika likitanci. Makinsa bai kai ba, amma da ya isa ya ba shi injiniyanci a wata jami'ar. Da muka zo canji sai muka tarar babu Lissafi a takardarsa ta JAMB. Shekara guda ta tafi a kan wannan kawai. Saboda haka kafin ka tsayar da haɗin darussa, rubuta a ƙalla kwasa-kwasai biyar da haɗin zai iya kai ka, ka tambayi kanka ko akwai uku a ciki da za ka iya zama da su.

A ɓangaren adabi da zamantakewa ma haka ne. Haɗin Lissafi, tattalin arziki da Gwamnati yana kai ka tattalin arziki, akanta, harkokin kasuwanci, kuma a wurare da yawa har kimiyyar siyasa. Haɗin adabin Turanci, Gwamnati da Tarihi ko addini yana kai ka shari'a, Turanci, Tarihi, aikin jarida.

Kada ka ɗauki wannan jerin nawa a matsayin fatawa ta ƙarshe. Littafin nan mai kauri yanzu yana intanet, JAMB ta sa masa suna IBASS, kuma da wayarka za ka buɗe shi. Nemo kwas ɗin, sannan ka nemo sunan jami'ar da kake so a ƙarƙashinsa. Akwai wurin da aka ware wa sharuɗɗa na musamman, inda za ka ga jami'a kaza tana karɓar aikin gona a madadin Bayoloji, jami'a kaza ba ta karɓa. Rubutun ƙanana ne, ga gundura. Nan ne kuma mutane suka fi faɗuwa.

Sunan kwas yana ruɗi

Wannan ɓangaren ne na fi daɗewa a kai da ɗalibai, don yawancinsu kwasa-kwasai biyar ko shida kawai suka sani, alhali jami'a irin Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a 1962, ko Bayero ta Kano, kowace tana da sassa masu yawa da ko sunansu yaro bai taɓa ji ba.

Mu fara da kimiyya. Akwai bambancin da ya kamata a rubuta a bangon kowane aji: kwas da ke ƙarewa da lasisin aiki daban, kwas da ke ƙarewa da digiri kawai daban. Likita yana yin shekara shida, ya yi shekarar horo a asibiti, hukumar likitoci, MDCN, ta yi masa rajista. Mai haɗa magunguna, ma'aikaciyar jinya, mai gwajin jini, mai ɗaukar hoton ƙashi, mai gashin ƙashi, kowannensu yana da hukumar da ke ba shi lasisi. Amma Maikirobayoloji, Bayokemistiri, Anatomi da Fiziyoloji digirin kimiyya ne na shekara huɗu. Ilimi ne mai kyau, ana bincike da shi, ana koyarwa, ana aiki a kamfanonin abinci da magunguna da hukumomin duba ingancin kaya. Sai dai ba ya sa ka zama likita, kuma digirin Maikirobayoloji shi kaɗai ba ya ba ka lasisin gwajin marasa lafiya. Wannan na wanda ya karanta ilimin gwaje-gwajen asibiti ne, mai shekara biyar. Kowace shekara sai na sami uwa ta zo tana murna wai 'yarta ta sami "wani ɓangare na likitanci", in duba in ga Bayokemistiri ne. Ba na kashe mata murna, amma sai na faɗa mata gaskiya.

Sai kuma maganar nan da ta zama ruwan dare: "Ka karɓa kawai, in ka shiga aji biyu sai ka koma likitanci." Akwai canjin sashe a jami'a, gaskiya ne, amma yana neman maki mai yawa, da yardar sashen da za ka bari da wanda za ka shiga, da kuma gurbi. Gurbin likitanci a ƙidaye yake, hukumar likitoci ce ke ƙayyade wa kowace jami'a adadin da za ta ɗauka. Shari'a ma haka. In za ka karɓi kwas, karɓe shi a kan cewa shi za ka gama.

Kimiyyar kwamfuta ma ana yi mata gurguwar fahimta. Yaro yana ganin ya iya danna waya, ya iya saka manhaja, sai ya ce ai shi kwamfuta zai karanta. Ya shiga ya tarar da lissafi tun daga aji ɗaya, ga tsara manhaja da ke neman haƙuri irin na mai saƙar tabarma. Yanzu kuma an rarraba fannin: akwai tsaron intanet, akwai injiniyancin manhaja, akwai fasahar sadarwa, kowanne kwas ne mai zaman kansa a jami'o'in da ke yinsa. Duba wanne ne jami'arka take da shi.

Akwai kwasa-kwasan da yara ke gudu, ni kuwa nake tura su can da gangan: Lissafi, ƙididdiga, Fizis, ilimin duwatsu da ma'adinai, aikin gona, likitancin dabbobi. Masu neman su ba su kai masu neman likitanci ba, don haka samun gurbi ya fi sauƙi. Aikin gona shekara biyar ne, da shekarar da ake yi a gona. Yaron da ubansa ke noman rani a Kadawa ko Bunkure yana jin kunyar cika aikin gona, alhali cibiyar binciken noma ta Samaru, inda ake fitar da irin dawa da masara da wake da gyaɗa da manomanmu ke shukawa, masu wannan digirin ne suka cika ta. Likitancin dabbobi shekara shida ne kamar na mutane, a ƙasar da kasuwar shanu irin ta Wudil ko Maigatari take ci kowane mako.

Ɓangaren adabi da harsuna shi aka fi rainawa. Za ka ji ana cewa, "Hausa kuma? Wadda muke yi a gida?" Wanda ya faɗi haka bai taɓa zama ajin nazarin sauti ko ginin jimla ba. Digirin Hausa ya ƙunshi harshe da adabi da al'ada da fassara, kuma wanda ya haɗa shi da Turanci mai kyau yana da wurin zuwa: koyarwa, gidajen rediyo da talabijin, sassan Hausa na kafofin watsa labarai na waje, fassarar takardun ƙungiyoyin lafiya da na agaji. Amma a lura da sharaɗin da na sa, Turanci mai kyau. Faransanci ma haka. Muna zaune kusa da Maraɗi da Damagaram, ƙasashen da ke kewaye da Najeriya dukkansu da Faransanci suka taso a ofis da makaranta, amma da wuya ka ga ɗalibi ya zaɓe shi da kansa. Larabci da ilimin addinin Musulunci suna dacewa da yaran da suka fito daga Islamiyya da tushe mai ƙarfi. Tarihi kuma na mai son karatu ne da gaske, mai iya wuni a kan tsofaffin takardu irin waɗanda ke Gidan Arewa a Kaduna. In shafi goma yana sa ka gyangyaɗi, kada ka shiga tsangayar nan don gudun lissafi. Karatun da ke cikinta ya fi wanda kake gudu yawa.

A fannin zamantakewa, babban mai ruɗin shi ne tattalin arziki. A sakandare bayani ne da ɗan zane. A jami'a lissafi ne da ƙididdiga, suna ƙaruwa kowace shekara. Kimiyyar siyasa ba koyon tsayawa takara ba ce, nazarin mulki da tsarin gwamnatoci ne, kuma ta bambanta da kwas ɗin gudanar da mulki, wanda a Zariya ma harabarsa daban ce, a Kongo tare da shari'a, ba a Samaru ba. Soshiyoloji nazarin al'umma ne, aure da saki, laifi, ƙaura, almajirci, kuma shi ma yana da ƙididdigarsa. Aikin jarida yana neman mai iya rubutu, ba mai zaƙin murya kawai ba. Labarin ƙasa, fannina, ba shi da gida ɗaya: a wata jami'ar yana tare da kimiyya, a wata yana tare da zamantakewa ko muhalli, kuma darussan da ake nema suna bin inda aka ajiye shi. Yau ana koyon zana taswira da kwamfuta da karanta hotunan tauraron ɗan'adam a cikinsa, abin da mu sai daga baya muka koya.

Tsangayar ilimi fa? Kusan duk darasin da na lissafa akwai takwaransa a can, Kemistiri da koyarwa, Turanci da koyarwa, tattalin arziki da koyarwa. Makin shiga yakan yi ƙasa da na sashen asali, kuma kana fita da shaidar malanta. Ta nan na bi. Ba zan ce maka albashin yana da daɗi ba.

Yanzu yadda za ka leƙa cikin kwas kafin ka shige shi. Nemi ɗalibin da ke aji biyu ko uku a sashen, ka ce ya aro maka littafin jagoran sashe da tsofaffin takardun jarrabawa. Hukumar kula da jami'o'i, NUC, ta fitar da sabuwar manhajar da ake kira CCMAS a ƙarshen 2022, wadda ta tsara kashi 70 cikin ɗari na abin da za a koyar, ta bar wa kowace jami'a kashi 30, kuma tana shafinta na intanet, ana iya karanta sunayen darussan kowane kwas. Zauna da su awa guda. Ba a ce ka gane ba. Abin da nake so ka lura shi ne, kana jin son sanin amsar, ko kana jin kamar ka rufe ka gudu? Bayan nan ka nemi wanda ya gama kwas ɗin shekara biyar da suka wuce ka tambaye shi abin da yake yi yanzu, da abin da 'yan ajinsu suke yi. Kada ka tambayi ɗan aji ɗaya, shi har yanzu ɗokin katin shaida bai sake shi ba.

Maki, gurbi da jami'a

Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Makin da ake sanarwa a rediyo kowace shekara bayan taron JAMB da shugabannin makarantu shi ne mafi ƙanƙanta da aka yarda a duba. Kowace jami'a tana iya ɗaga nata, kowane sashe kuma yana da nasa, gwargwadon yawan masu nema. Makin da zai shigar da kai ilimin duwatsu cikin sauƙi ko ƙofar likitanci ba zai kai ka ba, a jami'a ɗaya, a shekara ɗaya. Jami'o'i da yawa kuma suna yin tantancewa ta biyu, wasu da jarrabawa, wasu da duba sakamakon sakandare, su haɗa da makin JAMB.

A jami'o'in tarayya ana raba gurbi kashi uku: 45 cikin ɗari ga waɗanda suka fi maki ko daga ina suke, 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, 20 ga jihohin da aka ɗauka suna baya a ilimin boko, kuma yawancin jihohin Arewa suna cikin jerin. Akwai kuma tsarin ba kimiyya kashi 60, sauran fannoni 40. Ma'anar wannan a wurinka ita ce, ɗan Jigawa da ya sa jami'ar tarayya ta Dutse a zaɓin farko yana da damar da ba zai samu a jami'ar da ke nesa da yankinsa ba. Jami'ar jiharka kuma 'yan jiha take fifitawa. Sababbin jami'o'in tarayya, Dutse da Dutsin-Ma da Kashere na 2011, Gusau da Birnin Kebbi da Gashuwa na 2013, ba su da cunkoson masu nema irin na Zariya da Kano. Ka kuma sani jami'o'in da suka shahara kusan zaɓin farko kawai suke dubawa. Sa su a na biyu kamar zuba ruwa a kwando ne.

Ga abin da nake sa ɗalibi ya rubuta a bayan takardar nan tasa. Kwasa-kwasai uku, duk masu karɓar haɗin darussa iri ɗaya: na buri, na tsakiya, da na tsira. Gaban kowanne, makin da aka ɗauka da shi bara a jami'ar da yake so, wanda ɗaliban sashen za su gaya masa. Ya cika na burin. Ranar da sakamako ya fito, ya kwatanta. In tazarar tana da yawa, ya tafi cibiyar da JAMB ta amince da ita ya biya kuɗin canji tun ba a rufe ba, ya koma na tsakiya ko na tsira. An riga an yanke shawarar da sanyin kai, ba cikin kuka ba. Na san masu zama shekara uku, huɗu suna bin likitanci. Wasu sun samu. Shekara ɗaya ta ƙari na yarda da ita, in tazarar kaɗan ce. Fiye da haka, sai in ce a karɓi abin da ya samu.

Abubuwa biyu da za ka duba da sauri. Na farko, ko NUC ta amince da kwas ɗin a wannan jami'ar, kuma in kwas ne mai lasisi, ko hukumar sana'ar ita ma ta amince, kamar COREN ga injiniyoyi. Jami'a tana iya zama halastacciya amma wani kwas nata bai sami amincewa ba. Masu tunanin tsallakawa Kwatano su tuna a farkon 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo. Na biyu, shekaru da kuɗi. Shari'a biyar ce, sai shekara guda a makarantar lauyoyi, wadda ke da reshe a Bagauda. Injiniyanci biyar. Zanen gine-gine da likitanci suna cin kayan aiki da littattafai. Ƙara da yajin aiki, wanda a 2022 kaɗai ya ci wata takwas. Zauna da wanda zai biya, Baba ne ko Yaya ko Kawu, ku yi lissafin tare. Akwai asusun rancen ɗalibai na NELFUND da ya fara aiki a 2024, amma rance ne, ana biya. Ke kuma, in kin san gida ba za su bar ki ki yi nisa ba, ko akwai maganar aure a gaba, a yi ta yanzu a fili, kafin a cika jami'ar da ba za a bari ki je ba.

In ƙofar ba ta buɗe ba, akwai ta gefe. IJMB, karatun share fagen shiga jami'a, wadda jami'ar Ahmadu Bello ke kula da ita, kusan shekara guda ce. Difloma ta kwalejin kimiyya da fasaha shekara biyu, NCE uku. Da kowannensu, in sakamako ya yi kyau, ana sayen fom ɗin shiga kai tsaye a fara daga aji biyu.

Ranar rajista da bayanta

Yi amfani da layin wayarka, wanda ba za ka yar ba, ba na mai shago ko na aboki ba. Da shi za ka tura kalmar NIN da lambarka ta ɗan ƙasa zuwa 55019 ko 66019, a turo maka lambar da za ka sayi fom da ita, kuma duk saƙon JAMB ta nan zai riƙa zuwa. Tabbatar sunanka da ranar haihuwarka a NIN sun yi daidai da na takardar WAEC ko NECO, harafi da harafi. In Muhammad ne a nan, Mohammed a can, gyara tun kafin ka fara. Tafi da takardarka ta zaɓi a rubuce ka miƙa wa mai kwamfuta, kuma kafin ya danna na ƙarshe ka karanta allon da idonka: kwas, jami'a, darussa huɗu. Ko ya yi tsaki, karanta.

In sakamakon sakandare bai fito ba lokacin rajista, da ya fito ka koma cibiya a ɗora shi a shafinka na JAMB, don ba a duba wanda ba a ɗora nasa ba. Daga nan ka riƙa leƙa CAPS, tsarin bayar da gurbi ta intanet da JAMB ta fara amfani da shi a 2017, a ƙalla sau ɗaya a mako. A can za ka ga in an ba ka gurbi, a can za ka ga in jami'a ta nemi mayar da kai wani kwas, kuma sai ka amince kafin a mayar. In kwas ɗin da aka miƙo ba ya cikin ukun da ka rubuta, kada ka danna a tsaye a shagon kwamfuta. Koma gida, nemo littafin sashen, ka yi masa zaman awa gudan nan. Duk wanda ya ce zai samo maka gurbi ta bayan fage, wanda bai bayyana a CAPS ba, ka bar masa kayansa, don sunan da ba ya cikin rajistar JAMB yana maƙalewa ranar da za a tura 'yan aji bautar ƙasa. In ka danna karɓa, buga takardar shaidar gurbin kwafi biyu, ɗaya a jakarka, ɗaya a akwatin Umma.